Sun ce sai na rubuta da hannu: yadda aka duba halina a Liyon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hasken nan, ƙarfe biyar bai ma yi ba amma gari ya fara duhu, haka hunturun Liyon yake a nan Faransa. Bari in gyara wayar. Yauwa. Yau ba inda za mu je, a teburin kicin ɗin nan za mu zauna, don akwai takardar da nake son ku gani.

Kun gan ta? Farar takarda ce ƙal, ba layi ko ɗaya. Wannan ita ce ta uku da na ɓata. Ta huɗu ce na aika.

Wata biyu da suka wuce na nemi aikin shugaban ma'aikatan sito a wani kamfanin jigilar kaya da ke bayan gari. Na tura takarduna ta intanet kamar yadda kowa ke yi, aka kira ni, muka yi hira har sau biyu, komai lafiya lau. Ina shirin tashi sai matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta ce saura abu guda: in koma gida in rubuto wasiƙa shafi ɗaya da hannuna, a kan takarda marar layi, in sa hannu a ƙasa. Na ce Madam, ai na riga na turo wasiƙa da kwamfuta. Ta yi murmushi ta ce maigidansu tsoho ne, ba ya ɗaukar shugaba sai wata gwanar duba rubutu ta ga hannunsa. Ta faɗa mini ƙarara, kuma dole ne ta faɗa, don tun dokar 31 ga Disamba 1992 ba a yarda kamfani a Faransa ya auna mai neman aiki da wata hanya ba tare da ya sanar da shi tukuna ba. Dokar ta ce a riƙe sakamakon a asirce, ta kuma ce hanyar ta dace da abin da ake son aunawa. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Abin sunansa girafoloji. Masu yin sa suna cewa daga yadda kake karkata baƙi, da yadda kake danna alƙalami, da filin da kake bari a gefen takarda, za su gane ko kai mai haƙuri ne, ko mai zafin zuciya, ko za a iya ba ka amanar makulli. Kuma nan ƙasar ce mahaifar salonsa na zamani. Wani limamin coci, Jean-Hippolyte Michon, shi ya raɗa masa wannan suna, a wajajen 1871. Bayansa wani likitan haƙori na wani gari mai suna Ruwan a nan Faransa, Jules Crépieux-Jamin, ya tsara abin ya raba siffofin rubutu gida bakwai, irin su girma, da sauri, da nauyin hannu, da inda rubutun ya fuskanta. Limami da mai cire haƙori, su suka kafa abin da ya yi shekara fiye da ɗari yana shiga tsakanin mutane da abincinsu.

Da na dawo gida ranar sai na buga wa Kawu waya, dattijon nan ɗan Maraɗi da kuka gani a bidiyon Sallah, wanda ya zo ƙasar nan tun kafin a haife ni. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, ai kai ka zo da sauƙi. A zamaninmu in ka buɗe jarida, talla bayan talla sai ka ga an ce wasiƙa da hannu da hoto. Sai da saƙon intanet ya zo abin ya ja baya." Na ce, "To Kawu, yaya kuke yi?" Ya ce, "Ka sa takarda mai layi a ƙarƙashin farar, ka bi inuwar layin. Kuma kar ka bari rubutunka ya gangara, cewa za su yi zuciyarka ta mutu."

Haka kuwa na yi. Ga ta nan, kun ga har yanzu tana maƙale da ƙusar takarda. Na zauna nan da bik ɗina, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa biro, mu kuwa biro ofis ne a wurinmu, na kwashe awa biyu kan shafi ɗaya. Ta farko hannuna ya yi gumi tawada ta shafe. Ta biyu uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan sa hannun naka ya yi girma, kar su ce girman kai ne da kai," sai na rage shi. Ta uku na lura gicciyen da ke kan baƙin t ya sauka ƙasa, su kuma a wurinsu wai alamar rashin buri ce, sai na sake. To don Allah ku gaya mini, wasiƙa ta huɗun da ta isa hannun matar nan, halin wa ke ciki? Nawa, ko na Kawu, ko na uwargida?

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne, kuma a kansa nake son mu daɗe.

Ni hannuna biyu ne. Kafin in taka lekol, wato makarantar boko, a Damagaram, sai da na yi shekara uku ina riƙe da allo a zauren malam. Alƙalamin kara, tawadar da muke haɗawa da kanmu da ƙaro, babbaƙu sannan farfaru, daga dama zuwa hagu. Wanda ya yi rubutu a allo ya san sai ka danna, in ba haka ba tawadar ba ta zama a jikin itacen. Da aka kai ni lekol kuma sai mushe, wato malaminmu, ya ba mu kaye, littafin rubutu mai layukan nan na Faransa, manyan murabba'ai da siraran layuka a tsakani, milimita biyu-biyu, ya ce baƙin l ya hau layi uku, baƙin t da d su tsaya a biyu. Wanda ya wuce, ya sha rula a kan yatsu. Har gobe in na ja l sai na ji kamar yana tsaye a bayana.

Yanzu ku ji ƙa'idar masu duba rubutun. A wurinsu hagu ita ce baya, wato gida da uwa da abin da ya wuce, dama kuma ita ce gaba, wato jama'a da abin da ke tafe. In rubutunka ya karkata dama, kai mai son mutane ne. In ya karkata hagu, kana ɗari-ɗari. To yaron da ya fara rubutu daga dama yana tafiya hagu fa, ina gabansa ina bayansa? Danna alƙalamin da nake yi, da za su ce ƙarfin zuciya ne ko taurin kai, allo ne ya koya mini shi. Tsayin baƙaƙena rular mushe ce. Wanda ya kalli shafin nan da idon basira zai iya gane cewa na yi lekol irin ta Faransa, wataƙila ma ya gane cewa hannuna ya saba da wani rubutun kafin wannan. Wannan gaskiya ne, rubutu yana nuna inda ka koye shi. Shi ya sa ma ban haɗa wannan da aikin ƙwararrun kotu ba, masu gwada sa hannu biyu su ga ko mutum ɗaya ya yi su. Amma a ce daga wutsiyar g za a san ko zan iya raba faɗa tsakanin direbobi biyu ƙarfe biyar na asuba? Haba.

Kuma an gwada abin, an sake gwadawa. A 1989 wasu masana biyu, Neter da Ben-Shakhar, suka tattara bincike 17 da aka yi kan amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata. Suka tarar gwanayen ba su fi wanda bai taɓa koyon abin ba iya hasashen wanda zai yi aiki da kyau. Ɗan abin da suke cankowa ma daga maganar da ke cikin wasiƙar yake fitowa, don in aka ba kowa rubutu iri ɗaya ya kwafa, hasashen sai ya rushe. A 1998 Schmidt da Hunter a Amurka suka jera hanyoyin zaɓen ma'aikata bisa ƙarfin hasashensu, gwada mutum da aikin kansa da hira mai tsari suna can sama, duba rubutu kuwa yana can ƙasa, makinsa 0.02 kacal, wato kusan babu. Kun tuna dokar da ta ce hanyar ta dace da abin da ake aunawa? To ni dai ban ga yadda 0.02 ta dace da komai ba.

Sai ku ce, to me ya sa mutane masu hankali suke biyan kuɗi a kai? Ku tsaya ku ji abin da ya faru.

Bayan mako biyu na nemi a gaya mini abin da aka rubuta a kaina, matar ta karanta mini ta waya ina rubutawa. Ga shi a bayan ambulan ɗin nan. Wai ni mutum ne mai son tsari, amma mai iya sassautawa in hali ya kama. Wai ina da kamun kai a waje, amma a ciki nakan yi shakkar ko na yanke shawara daidai. Wai ina son a yaba aikina ko da ban nuna ba. Wallahi jama'a da na ji, sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce wannan mata ta san ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci muna shan shayi a gidan Kawu, sai shaiɗanci ya kama ni. Na ce, "Kawu, katin barka da Sallah da ka rubuto mini, na kai an duba hannunka, ga abin da suka ce." Na karanta masa nawa, kalma da kalma. Dattijon nan ya ajiye kofi, ya yi shiru, ya ce, "Ikon Allah. Ɗana, ko Hajiya ba ta san ni haka ba." Da na faɗa masa gaskiya sai da ya jefe ni da hula.

Ashe wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya riga ni wannan wasan tun 1948. Ya ba ɗalibansa 39 bayanin hali, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, alhali takarda ɗaya ce ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari. Da aka ce su auna dacewarta da su, sai suka ba ta fiye da huɗu cikin biyar. Mu da muka taso muna ganin masu bugun ƙasa a bakin kasuwa ai mun san salon: "akwai mai yi maka hassada a kusa da kai." Wa ye ba shi da shi? Bambancin kawai, wancan a kan yashi yake zane, wannan kuwa a ofis mai na'urar ɗumama ɗaki, da rasit.

Aikin dai an ba ni, na fara ranar Litinin da ta wuce, alhamdu lillahi. Ko wasiƙar ta taimaka ko shekara shida da na yi ina tuƙa motar ɗaga kaya ce ta yi magana, maigidan bai ce ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya ba ni dariya, tun da na fara ko sau ɗaya ban riƙe alƙalami ba, komai a na'urar hannu ake dannawa.

Ga 'yar auta nan ta shigo da kayenta, an ba su aikin gida. Zo nan Mamana, gaida mutane. Mu gani. Kai, wannan l ɗin bai kai layi na uku ba, kawo bik ɗin. Jama'a bari in kashe, sai mun haɗu ranar Asabar a kasuwa.