Amsoshin Tambayoyinku: Iska ce ta raba tekun, ko hannun Allah ne?

Toh jama'a masu saurare barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duka akan mu'ujizozi ne, waɗanda ke cikin Littafi Mai Tsarki da waɗanda ake ba da shaidarsu a coci yau, shin da gaske abin da ya fi ƙarfin tsarin halitta ne ya faru ko dai akwai wani bayani na yau da kullum da mutanen da basu gane ba. Bara mu fara kada lokaci ya ci mu.

Ta farko daga wani ɗalibin kimiyya, yace: "Malam na ji ance masana sun gano iska ce ta raba wa Musa Bahar Maliya, to in iska ce ina mu'ujizar kuma?"

Ɗan'uwa ai ba sai masana sun gano ba, littafin da kansa ya faɗa. Ka buɗe Fitowa 14:21, cewa yayi Ubangiji ya kora tekun baya da iska mai ƙarfi daga gabas dukan dare. Wanda ya rubuta bai ɓoye iskar ba, shi ya kawo ta da hannunsa. Binciken da ka ji labari ina jin na Carl Drews ne, masanin yanayi a Kolorado ta Amurka, wanda a 2010 ya gwada a kwamfuta ya nuna in iska mai gudun kusan kilomita 100 a awa ta kaɗa daga gabas har awa 12 akan wani tafki mara zurfi a gabashin inda kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku, zata iya tura ruwan gefe ta bar hanya ta wajen awa 4, da iskar ta tsaya kuma ruwan ya dawo da gudu. Kuma sunan wurin a Ibrananci Yam Suf ne, da yawa suna fassara shi da tekun iwa, wato irin dogayen ciyayin nan na bakin ruwa, wanda ya fi kama da tafki akan babban tekun da ake nunawa a zane.

Amma ka lura da abin da kwamfutar ta nuna da wanda bata nuna ba. Ta nuna abin zai iya faruwa, bata nuna ya faru ba, kuma babu wani rubutun Masar na wancan zamanin da ya ambaci labarin, wannan ma a faɗe shi. Sannan ko mu ce ya faru a hakan, mai bi zai tambaye ka me yasa iskar ta taso a daren da mutanen suka maƙale tsakanin ruwa da rundunar Fir'auna, ta kuma tsaya daidai lokacin da suka gama hayewa, wanda bai yarda ba kuma yace dace ne kawai ko labarin ne ya girma a bakin mutane, to kaga gardamar ta tashi daga kan iska ta koma kan waye ya aiko ta, kuma wannan ba ma'aunin iska ke auna shi ba. Agustin, bishop ɗin nan na Arewacin Afirka da ya rasu a 430, yana ganin mu'ujiza ba ta saɓa wa halitta, abin da muka sani game da halitta ne take saɓa wa. Ni dai a labarin teku bana ganin bayanin iska ya rage wa mai bi komai, shi yasa nake mamakin masu tada jijiyar wuya akansa ta kowane ɓangare.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makarantar Lahadi, tace taji a wani wa'azi wai ciyar da mutum 5,000 ba ƙaruwar gurasa bace, wai yaron nan ne ya fito da gurasa biyar da kifi biyu sai kunya ta kama sauran suka fito da guzurin da suka ɓoye, kowa ya ci ya ƙoshi, tace me zata koya wa yara?

Malama wannan bayanin ya tsufa fa, ya kusa shekara 200. Wani malamin tauhidi Bajamushe Heinrich Paulus ne ya yi fice da shi a 1828, kuma ba nan kaɗai ya tsaya ba, ya bi mu'ujizozin Yesu ɗaya bayan ɗaya yana nemo musu dalili, tafiya akan ruwa yace a bakin gaɓa yake tafiya almajirai suka yi kuskuren gani, waɗanda aka tayar daga matattu yace dogon suma suka yi. Niyyarsa ma ta kare addini ce, yana so masu ilimin zamaninsa su ci gaba da karanta Linjila ba tare da jin kunya ba. Abin dariya shine wanda ya fi ragargaza shi ba wani mai riƙon gargajiya bane, wani saurayi ne David Strauss, shekarunsa 27, wanda a 1835 yace wannan hanya shirme ce, domin ta mai da marubutan mutane masu gaskiya amma wawaye, sun ba da komai daidai sai dai basu gane abin da ke faruwa a gaban idonsu ba. Shi Strauss nasa ra'ayin shine labaran an gina su ne daga begen Almasihu da ke cikin Tsohon Alkawari, kamar yadda Elisha ya ciyar da mutum 100 da gurasa 20 har aka bar saura. Wannan magana ta ja masa rasa aikinsa na koyarwa a Tubingen.

To ni a nan ina tare da Strauss a rabin maganarsa. Labarin yana cikin Linjila huɗu duka, babu inda aka ambaci wani ɓoyayyen guzuri, an kwashe kwanduna 12 na saura, Yahaya 6:15 ma yace mutanen sun so su kama shi su naɗa shi sarki ƙarfi da yaji, kuma ba a naɗa mutum sarki dan ya sa an raba abinci. Mutum na da 'yancin yace bai yarda ya faru ba, amma kada yace abin da marubucin ke nufi kenan. Ki koya wa yaran abin da aka rubuta, in kina son darasin rabawa ki ɗauko shi daga halin yaron, yana nan a ciki.

Af, tunda mun taɓo tafiya akan ruwa, akwai wani farfesa a Fulorida, Doron Nof, da ya fitar a 2006 cewa wataƙila wani ɓangare na Tekun Galili ya daskare ya zama ƙanƙara a wani sanyi na musamman, akanta aka taka. Labarin dai cewa yayi da dare ne, jirgin yayi nisa da gaɓa, iska na gaba da su, raƙuman ruwa na dukansa. Mutum ya tsaya akan ɓallin ƙanƙara cikin wannan yanayi har ya isa jirgi bai zame ba, gaskiya wannan ma sai a rubuta shi cikin mu'ujizozi.

Wani kuma layi ɗaya ya rubuto, wai tauraron Baitalami menene? Tun zamanin Johannes Kepler, farkon ƙarni na 17, ake danganta shi da haɗuwar duniyoyin sama biyu, Mushtari da Zuhal, waɗanda suka kusanci juna sau uku a shekara ta 7 kafin miladiyya, kuma lissafin ya zauna da mutuwar sarki Hirudus da yawancin masana ke sawa a shekara ta 4 kafin miladiyya. Inda ya cije shine Matiyu 2:9, tauraron ya tafi gabansu har ya tsaya bisa inda yaron yake, duniyoyin sama kuwa basa nuna gida.

Yanzu ga mai nauyin. Wani bawan Allah yace abokinsa ya ce masa Yesu bai mutu akan gicciye ba, suma yayi, sanyin kabari ya farfaɗo da shi. Kafin in amsa, 'yan'uwanmu Musulmi dama basu yarda an gicciye shi ba, wannan wani zance ne daban, tambayar nan akan labarin yadda Kiristoci suka ruwaito shi ne.

Shin an taɓa tsira daga gicciye? An taɓa. Yusifus, marubucin tarihi Bayahude na ƙarni na farko, ya ba da labarin ya ga mutum uku da ya sani a kan gicciye, ya roƙi Titus, kwamandan sojan Roma, aka sauko da su da rai aka basu kulawar likita, biyu suka mutu duk da haka, ɗaya ya rayu. Kaga wannan an sauko da su da gangan dan a cece su. A labarin Linjila kuwa an yi masa bulala, an soke shi da mashi a haƙarƙari, an naɗe shi an rufe kabari da dutse, ba magani ba ruwa. A 1986 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga nazari akan wannan inda marubutan suka kai ga cewa ya mutu tun kafin mashin. Kuma Strauss ɗin nan dai, wanda shi kansa bai yarda da tashin ba, shi ya kashe zancen suma da cewa mutumin da ya rarrafo daga kabari rabi a mace yana neman a ɗaure masa rauni ba zai sa almajirai su ɗauke shi wanda yayi nasara akan mutuwa ba, tausayinsa zasu ji.

Shi yasa yau masu neman bayani na halitta sun fi karkata ga cewa wahayi ko gizo ne almajiran suka gani, dama sananne ne mai makoki kan ji kamar ya ga mamacinsa ko ya ji muryarsa. Masu bi kuma su nuna 1 Korintiyawa 15, wasiƙar da Bulus ya rubuta wajen shekara 25 bayan abin, inda ya lissafa Bitrus da almajirai sha biyun da mutum fiye da 500 a lokaci guda, yace yawancinsu suna raye, su ce gizo ba ya zuwa wa taro. A nan ne maganar masanin falsafa David Hume ta 1748 ke shigowa, shi cewa yayi kullum ka auna, wanne ya fi wuya, matacce ya tashi ko shaidu su yi kuskure, kuma a wurinsa kuskuren shaidu kullum shi ya fi sauƙi. Masu sukarsa sukace to ai ka yanke hukunci kafin a kira shaidu. Abin da yawancin masana tarihi, masu bi da marasa bi, suka yarda da shi shine an kashe shi kuma almajiransa sun gaskata da zuciya ɗaya sun gan shi a raye, daga nan kayan aikin tarihi sun ƙare. Kuma wannan ba kamar iskar teku bace da zaka riƙe duka biyun, Bulus da kansa yace in Almasihu bai tashi ba wa'azinsu banza ne. Wani malami Rudolf Bultmann ya taɓa cewa a 1941 ba zai yiwu mutum yana amfani da wutar lantarki da rediyo ba kuma ya yarda da duniyar ruhohi da mu'ujizai ta Sabon Alkawari, to ga mu dai a rediyo, ga wasiƙunku a gabana.

Ta ƙarshe ita ta fi damuna. Wata mama tace ɗanta na da farfaɗiya, an yi masa addu'a a wani taron warkarwa aka ce ya warke, wai ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne.

Mama dan Allah kada ki tsayar masa da maganin nan sai likitansa ya faɗa. Mai farfaɗiya yakan yi watanni bai faɗi ba ko ba addu'a, kuma yanke magani farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsanani wadda ba ta tsayawa, har a rasa rai. Na san labarin Markus 9 ake kawo miki, yaron da ke faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, wanda likita in ya karanta zai ce farfaɗiya ce. Amma ki duba Markus 1:44, da Yesu ya warkar da kuturu cewa yayi je ka nuna kanka ga firist, kuma a wancan zamanin firist shine mai duba cutar fata ya tabbatar ta tafi.

Ki dubi yadda Cocin Katolika ke yi a Lurd ta Faransa, inda miliyoyin mutane ke zuwa neman waraka tun bayan 1858. Suna da ofishin likitoci tun 1883, an kai musu rahoton waraka sama da 7,000, waɗanda aka amince da su a matsayin mu'ujiza 70 ne da 'yan kai. Sai an ga takardun asibiti na kafin warakar, ciwon ya zama mai tsanani kuma sananne, warakar ta zo nan take, ta cika, ta ɗore shekaru, ba kuma maganin da ake sha ne ya kawo ta ba. Likitocin ma basa cewa mu'ujiza ce, iyakarsu su ce ilimin yau bai iya bayyana ta ba, bishop ne ke faɗin sauran. Wata sista Bernadette Moriau ta warke a 2008, sai 2018 aka sanar, shekara 10 ana bin takardunta. To wanda yace ɗanki ya warke a dare ɗaya, ki ce masa kin gode da addu'a, ki kai yaron a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, in ya warke takarda zata nuna kuma likita da kansa zai rage maganin a hankali.

Mai kula da na'ura yana ɗago min hannu, lokaci ya ƙare. Wanda ya tambaya akan rawar rana da aka ce an gani a Fatima ta Fotugal a 1917, wasiƙarka na nan a sama, da ita zamu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.