Amsoshin Tambayoyinku: Cizon Kare da Ciwon Haukan Kare

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka taru a gabana wannan makon kusan rabinsu maganar kare ce, shi ya sa na roƙi Likita ya baro marasa lafiyarsa na ɗan lokaci ya zo ya zauna da mu. Likita, sannu da zuwa.

Likita: Yawwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Lokacin kaɗan ne, bari mu fara da mai sauƙi. Wani bawan Allah daga Damagaram ya ce ɓera ya cije shi a yatsa yana barci, tun ranar bai runtsa ba, wai ko zai haukace?

Likita: Ya kwantar da hankalinsa, ba a san ɓera da yaɗa ciwon haukan kare ba. Ya wanke wurin da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Mai gabatarwa: Kuma Malam, a riƙa wanke hannu bayan an ci ƙuli-ƙuli kafin a kwanta. To ga wadda ta tsaya mini a rai. Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta rubuto cewa karen maƙwabta ya ciji ɗanta mai shekara 7 a ƙwauri, yau kwana huɗu. Kakar yaron ta sa an tsigo gashin karen, an ƙona, an shafa tokar a wurin. Yanzu ciwon ya kame, yaro yana ta wasansa. Tana tambaya, sai ta kai shi asibiti, ko shi ke nan? Irin wannan saƙo ya zo daga Azare, ya zo daga Maraɗi, har daga wani zango a Kumasi.

Likita: To, ka san ciwon haukan kare tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1885 ne wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya fara gwada allurar rigakafinsa a jikin wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca, kuma yaron ya rayu. Shi ya sa ma ake tunawa da ciwon duk ranar 28 ga Satumba, ranar da shi Pasteur ya rasu. Idan ka duba tarihin…

Mai gabatarwa: Likita, gafarta mini. Hajiya tana can ta kasa kunne, mayafi a hannu. Ta tafi ko ta zauna?

Likita: Ta tafi. Yau ɗin nan, kada ta bari sai gobe.

Mai gabatarwa: Ko da ciwon ya kame?

Likita: Kamewar fata ba ta nuna komai. Ƙwayar cutar a cikin yawun kare take. Idan ta shiga nama, jijiya take bi a hankali tana hawa har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Cizon fuska ko wuya ko yatsun hannu ya fi saurin kaiwa. Duk tsawon lokacin nan mutum lafiyarsa lau, yana ci yana sha, kuma a nan ne allura take aiki. Da zarar alamomi sun fito, wallahi ba mu da maganin da za mu ba shi, sai dai mu sassauta masa wahala.

Na taɓa karɓar wani yaro da ɗan kwikwiyo ya ciza a hannu. Ya ɓoye, don an sha hana shi wasa da karnuka, yana tsoron bulala. Bayan kamar wata biyu aka kawo shi da zazzaɓi, yana cewa wurin cizon na yi masa ƙaiƙayi da zugi. Uwar ta miƙa masa ruwa a kofi. Ƙishirwa yake ji, ya miƙa hannu zai karɓa, amma kofin na zuwa kusa da baki sai maƙogwaro ya shaƙe, ya ture shi yana kakari. Ko iskar fanka ta taɓa masa fuska sai ya firgita. Dangi suna cewa aljanu ne. Bai kwana uku a wurinmu ba.

Mai gabatarwa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyaye, kun dai ji. Yaro ya zo ya ce kare ya cije shi, a ajiye bulalar nan. Idan kuka doke shi yau, gobe ba zai faɗa ba.

Likita: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da ciwon nan duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Mai gabatarwa: To a ce yanzun nan aka ciji mutum, me za a fara yi?

Likita: Ruwa da sabulu. Kowane irin sabulu, na wanka ko na wanki. A sa ciwon a bakin famfo, in babu famfo wani ya riƙe buta yana zubawa, ana wankewa har minti 15. A duba agogo, don minti 15 yana da tsawo, mutane sukan yi minti ɗaya su ce sun gama. In akwai aidin a shafa. Kada a sa toka, kada a sa barkono ko man birki, kada a ɗaure tamau, kada a bari mai kemis ya yi saurin ɗinkewa. Daga nan sai asibiti.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda ya kunna rediyo yanzu. Ruwa da sabulu, minti 15, sannan asibiti a ranar. Hajiya ta Funtuwa, ke ma a wanke tokar nan da sabulu, ki ɗauki yaro ku tafi, ba ki makara ba. Ki gaida mana Iya, mun san ƙaunar jika ce ta sa, amma gashin kare ba ya kashe ƙwayar cuta.

Wani dattijo daga Gusau ya ce shi abin da ke hana shi zuwa, ya ji allura ashirin da ɗaya ake yi a cibiya.

Likita: Baba ya tuna zamanin da. Ta yanzu a damtse ake yi, ƙananan yara a cinya: ranar farko, bayan kwana 3, bayan kwana 7, sauran kuma gwargwadon tsarin da asibitin ke bi. Idan cizon ya yi zurfi akwai wata allura daban da ake yi a cikin ciwon da kewayensa. Abin da nake roƙo, wanda ya fara ya ƙarasa.

Mai gabatarwa: Ya kuma tambayi kuɗinta.

Likita: Ai ita wannan allura sanyi take so. Dole ta zauna a firji, in ta sha zafi ta lalace, ka biya kuɗi a ɗura maka ruwa. Shi ya sa ba na son a saye ta a shagon da rabonsa da wuta tun shekaranjiya. A nemi babban asibiti.

Mai gabatarwa: Baba, ka ji Likita ya zille wa maganar kuɗi. Ni zan faɗa maka, ba ta da arha, kuma ƙananan asibitoci ba kullum suke da ita ba. A ganina mai karen da ya bar shi yana yawo ba rigakafi shi ya kamata ya biya, amma wannan ra'ayina ne.

Wani ɗalibi daga Zariya: sun karanta cewa abin da kare ya lasa ana wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ko haka za a yi wa cizo? Ɗan'uwa, wannan maganar kwano ce da ƙwarya, malamanka za su ƙara maka bayani. Ciwo kam ba a sa masa ƙasa.

Likita: Ƙasa ma ita ke kawo tetanus.

Mai gabatarwa: Daga Potiskum, sun ce karen da ya yi cizon matasa sun kashe shi nan take, shi ke nan an huta?

Likita: Kashe kare ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jiki. Da ma an ɗaure shi an sa masa ido kwana 10, in ya wuce su lafiya lau likita na iya dakatar da allurar. Amma ba a zaman jiran kwana goman, farawa ake yi. Kuma ba kowane mai ciwon ne ke haushi yana bin mutane ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙi a sake, yawu na dalala, sai mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale ya sa hannu a bakinsa. Kyanwa ma tana ɗauka, haka jemage da dila, kuma yakushi ko lasar wurin da fata ta yage duk abin zuwa asibiti ne.

Mai gabatarwa: Mai juna biyu daga Garwa ta ƙasar Kamaru tana tsoron allurar.

Likita: A yi mata, ba ta cutar da ciki, haka mai shayarwa.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe, ana ɗaga mini hannu. Wani mafarauci daga Ningi ya ce karnukansa shida ne, ba su taɓa ciwo ba, don me zai kai su allura? Sarkin dawa, kai da kake shiga daji da su suna kokawa da dila?

Likita: Shi ya fi kowa buƙata. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu, kuma in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma rigakafi a gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar karnuka. Ya je asibitin dabbobi mafi kusa da shi, kuma duk shekara ake sabuntawa.

Mai gabatarwa: Ka ji, kuma ka karɓo katinsu ka adana. Mai tambaya kan nonon saniyar da kare ya ciza, daga Mubi, ka yi haƙuri, da saƙonka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Likita, mun gode. Masu sauraro, a huta lafiya.