Tabarau Mai Ƙarfi Hawa-hawa: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ido Ke Sabawa da Shi

Da zarar mutum ya haura shekara 40, sai ka ga yana nesanta waya daga fuskarsa kafin ya karanta saƙo. Ba wata cuta ce ta kama shi ba. A cikin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta mai laushi, wanda kan ƙara kauri in ana duban kusa, ya baje in ana duban nesa. Idan shekaru suka ja sai ya yi tauri, ya daina lanƙwasuwa yadda ake so. Shi ya sa likitan ido ke ƙara wata lamba a takardar awo, a gurbin da aka rubuta ADD. Ita ce ƙarin ƙarfin da ido ke buƙata don karatu. Takan fara daga +0.75 ko +1.00, ta riƙa hawa har ta kai wajen +2.50 idan an doshi shekara 60.

A da, ko dai mutum ya riƙe tabarau biyu yana canjawa, ko ya sa baifokal, mai layin nan da ya raba gilashi gida biyu. A 1959 aka fara sayar da gilashin Varilux, wanda wani injiniya ɗan Faransa mai suna Bernard Maitenaz ya ƙirƙiro. Irinsa ne yau masu haɗa tabarau ke kira furogiresif. Babu layi a jikinsa, ƙarfin ne ke ƙaruwa a hankali daga sama zuwa ƙasa.

Dubi wannan gilashin da kyau. Saman nan na hangen nesa ne: tuƙi, tafiya, kallon talabijin. Can ƙasa kuma wurin karatu ne, na abin da ke tazarar santimita 35 zuwa 40 daga ido. Tsakaninsu akwai wani siririn lungu da ya haɗa su, wanda tsawonsa kan kama daga milimita 11 zuwa 17 gwargwadon ƙirar. Ta nan ake ganin allon kwamfuta da agogon mota. Idan aka zana wurin da gani ke fita tas, siffar kalangu za ta fito: faɗi a sama, matsattsen ƙugu a tsakiya, sannan ya ɗan buɗe a ƙasa. Hagu da dama na ƙugun nan kuwa, gani dishi-dishi yake.

Wannan dishi-dishin ba kuskuren masana'anta ba ne, kuma babu kuɗin da zai kawar da shi gaba ɗaya. Tun a 1963 wani masani Bajamushe mai suna Minkwitz ya nuna a lissafi cewa duk inda ƙarfin gilashi ke hawa ba tare da layi ba, dole gefe ya gurɓata, kuma gurɓatar tana ƙaruwa da saurin da ya kusan ninka na hawan ƙarfin. Abin da gilashi mai tsada ke yi shi ne ya tura gurɓatar can gefe, ya sassauta ta. Ma'anar lissafin nan ita ce, idan ADD ta yi yawa, lungun zai ƙara matsewa. Idan aka gajarta lungun don ya shiga ƙaramin firam, nan ma zai matse. Saboda haka wanda ya fara sawa yana da +1.00 ya fi saurin sabawa a kan wanda ya jira sai da ya kai +2.50.

To, zaɓen firam. Kada ka bi ado kaɗai. Nemi wanda tsayin gilashinsa daga sama zuwa ƙasa ya kai aƙalla milimita 28 zuwa 30. Daga tsakiyar ƙwayar ido zuwa ƙasan firam kuwa, yawancin ƙira na buƙatar milimita 14 zuwa 18. In bai kai ba, wurin karatun ne injin zai yanke ya zubar. Firam mai ƴan matasan hanci da ake iya lanƙwasawa ya fi sauƙin gyara daga baya. Wanda ke zamewa a kan karan hanci kuwa, bar shi a nan komai kyansa, domin yana zamewa duk awon ya tashi a banza.

Awon nan shi ne kan magana, kuma a nan yawancin matsala ke farowa. Sai an fara daidaita firam ɗin a fuskarka kafin a auna komai, ba bayan an yanka gilashi ba. Ya ɗan karkata, ƙasansa ya matso kumatu da kamar digiri 8 zuwa 12, tazararsa da ido kuma ta tsaya wajen milimita 12 zuwa 14. Daga nan a auna nisan kowace ƙwayar ido daga tsakiyar hanci, dama daban, hagu daban. A takarda PD ake rubutawa. Fuskar mutum ba ta cika zama daidai wa daida ba, za ka iya samun 31 a dama, 33 a hagu. In aka auna 64 a dunƙule aka raba biyu, kowane ido ya kauce daga tsakiyar lungunsa, alhali lungun kansa faɗinsa ƴan milimita ne. Sai kuma tsayi: mai awon zai zauna idonsa daidai da naka, ya ɗiga alama a kan gilashin gwaji daidai tsakiyar ƙwayar idonka. A wannan lokacin ka zauna yadda ka saba zama. Mutane da yawa kan miƙe wuya su ɗaga kai saboda ana kallonsu, sai alamar ta sauka inda ba nan ido yake ba a sauran yini. Wannan awon ne ya sa sayen furogiresif ta intanet, ba tare da an ga firam a fuska ba, yake zama kasada.

Ka kuma faɗa wa mai haɗawar aikin da kake yi. Direba na buƙatar ƙira mai faɗin sama. Wanda ke wuni gaban kwamfuta, lungun tsakiya zai yi masa kaɗan, gara ya ƙara da tabarau na ofis, wanda aka ba tsakiya da ƙasa faɗi aka rage nesa. Amma da shi ba a tuƙi. Batun kauri kuma, idan lambar idonka ƙarama ce gilashin 1.5 ya isa, wato lambar da ke nuna yadda kayan da aka yi gilashin da shi ke lanƙwasa haske. Sai ta yi yawa ake hawa 1.6 ko 1.67 don ya yi siriri. Shafen da ke hana ƙyalli yana da amfani, musamman ga mai tuƙin dare.

Ranar karɓa kada ka sa shi a aljihu ka tafi. Sa shi a wurin, ka hangi abu mai nisa kanka a miƙe. Ɗauki rubutu ka karanta, ka rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Kowannensu ya kamata ya ga rubutun tas ba tare da ka karkata kai ba.

Yanzu sai sabo. Dokar guda ce: hanci ne ke nuna abin da za a kalla. In abu yana gefe, juya kai, kada ka wurga ido ta gefen gilashi. In karatu ne, kai ya tsaya inda yake, ido ne zai sauka ƙasa. Gwada wannan kana zaune: kalli bangon da ke nesa, ka sauko kan abin da ke kan tebur, ka ƙare a kan wayar da ke hannunka, ka koma sama. Maimaita na ƴan mintuna sau biyu ko uku a rana. Fara sa shi tun da safe, ka ajiye tsohon tabarau nesa, domin yawan komawa gare shi yana mayar da sabo baya. A kwanakin farko za ka iya jin ƙasa na lilo in ka juya kai da sauri, ko ɗan jiri, ko ciwon kai. Yawanci yakan wuce cikin ƴan kwanaki zuwa mako biyu.

Matakala ce wurin hattara. In ka sauke ido kawai, ta wurin karatu kake kallon ƙafarka, wanda aka tsara don santimita 40, ƙasa kuwa ta fi mita ɗaya nisa. Sai bakin matakala ya yi hazo ka taka inda babu. Sunkuyar da haɓa, ka duba ta ɓangaren sama na gilashin, ka riƙe abin dafawa. Dattijon da ƙafarsa ba ta da ƙwari, ko wanda ya taɓa faɗuwa, in mai yawan fita ne, ya fi masa kyau ya sami tabarau na nesa zalla don yawo a waje. A mota ma, juya kai sosai in za ka duba madubin gefe ko za ka yi baya, kuma kada ka fara tuƙi da shi sai ka saba da shi a ƙasa. Allon kwamfuta ka sauke shi, samansa ya yi ƙasa da ido kaɗan, in ba haka ba za ka wuni kana ɗaga haɓa, wuya ya sage. Kallon talabijin a kishingiɗe ma ta ƙasan gilashi yake bi, shi ya sa hoton ke dusashewa.

Idan mako biyu ya wuce abin bai daidaitu ba, daina haƙuri, koma, kuma ka tafi da bayani takamaimai. In sai ka sunkuyar da kai kake ganin nesa, an ɗora gilashin sama da yawa. In sai ka ɗaga haɓa sosai, ko ka tura tabarau sama da yatsa kafin ka karanta, ya yi ƙasa, ko kuma ADD ba ta isa ba. In sai ka karkata kai gefe rubutu ke fitowa, awon PD ne ya kauce. In kana ganin layi biyu-biyu wajen karatu, mai yiwuwa bambancin ƙarfi tsakanin idanun biyu ne ya yi yawa, wannan kuma aikin likita ne. Ana iya tabbatar da yawancin waɗannan nan take. A jikin kowane gilashin furogiresif akwai ƙananan alamu biyu da aka zana da leza, tazararsu milimita 34, ba a ganinsu sai an ɗaga shi ga haske, kuma lambar ADD tana ƙarƙashin wadda ke ɓangaren kunne. Da su mai haɗa tabarau zai sake fitar da inda tsakiyar ido ya kamata ya faɗa, ya gwada da fuskarka. In kaucewar kaɗan ce, lanƙwasa matasan hanci ko ƙafar firam na iya gyara ta cikin mintuna. In ta kai milimita 2 ko fiye, sai an sake yanka gilashin.