Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha, Daga Bakin Shugaban Sashen Nazarin Sinadarai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa, shugabannin tsangayoyi, 'yan uwana malamai, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ɗalibanmu, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin wannan sashe, ina yi wa Mai girma Kwamishina barka da zuwa, tare da godiya bisa yadda ya ajiye ayyukan ofis ya tako da ƙafarsa domin ya ga abin da muke yi.

Ranka ya daɗe, aikin da za ku gani yau a kan jan ƙarfe yake, ƙarfen da ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin a shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, ya kuma ba da labarin yadda ake narka shi a can ana kai shi Gobir da Barno. Magabata sun neme shi don mundaye da kayan doki, mu kuwa muna neman sa a matsayin katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Tun 1966 kamfanin ICI na Ingila ya fara haɗa metanol, wani ruwan sinadari da ake amfani da shi a masana'antu, da katalis na jan ƙarfe da tutiya da alminiyum, kuma har yau a kan wannan hanya mafi yawan masana'antun metanol suke. A 1985 da 1986 kuma Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan ya nuna cewa idan aka tsoma jan ƙarfe a ruwan da ke ɗauke da iskar kabon dayoksaid aka ba shi lantarki, yana mayar da ita iskar metan da etilin, wadda ake yin leda da ita. A cikin ƙarafa zalla, shi kaɗai ne ke yin wannan da yawan da za a ce an yi.

Sai dai jan ƙarfe hawainiya ne. Ɗalibi zai goge ɗan falle har ya riƙa ganin fuskarsa a jiki, ya bar shi a kan teburi ranar Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar ya dushe, saboda iska ta riga ta lulluɓe shi da tsatsa. Tsatsar ma iri biyu ce, akwai ja akwai baƙa, kuma kowace da halinta. Kaurinta bai kai a gani da ido ba, amma a kan wannan fatar ta waje duk aikin katalis yake gudana, don haka wanda bai san wace fuska ƙarfen ya saka a lokacin da yake aiki ba, bai san abin da ya auna ba.

Shi ya sa rabin aikinmu tantancewa ne. Na'urar eksire tana bambance ƙarfe zalla da tsatsarsa ta kusurwar da hasken ke karyewa: ƙarfe zalla yana bayyana a digiri 43.3, jar tsatsa kuma a 36.4. Abin sha'awa, hasken da akasarin waɗannan na'urori ke amfani da shi daga jikin jan ƙarfe ake fitar da shi, ɗan gida ke binciken ɗan gida. Amma na'urar eksire cikin abu take gani, ba fatarsa ba. Fatar sai da na'urar da ke auna lantarkin da haske ya fizgo daga saman abu, fasahar da ta sa Kai Siegbahn ya sami kyautar Nobel a 1981, kuma ko ita sai an haɗa da dabara ta biyu, domin ƙarfe zalla da jar tsatsa kusan wuri ɗaya suke fitowa a ma'auninta.

Ranka ya daɗe, ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba mu da ita. Abin da muke da shi tanderu ne da na'urar da ke hawa da sauka da ƙarfin lantarki tsakanin sanduna uku a cikin ruwan gwaji. Bara mun aika samfurin wata ɗalibarmu wani ɗakin gwaji mai nisa, ya yi makonni a hanya da kan layi, sakamako ya dawo yana cewa baƙar tsatsa ce, kuma har yau ba mu iya rantsuwa ko a kwalbarmu ta samu ko a cikin ambulan. Gwajin awa goma sha biyu kuma, in wuta ta ɗauke a awa ta tara, ya tashi a banza.

Roƙonmu bai wuce ƙarfin gwamnati ba. Muna buƙatar na'urar eksire guda ɗaya, da akwatin da ake cika wa iskar argon domin a adana samfuri ba tare da ya yi tsatsa ba, da wutar sola mai batir da za ta riƙe ɗakin gwaji dare da rana. A ganina, wanda ya fi duka muhimmanci shi ne horar da ma'aikata biyu da za su kula da kayan, domin mun sha ganin na'ura mai tsada ta zama wurin ajiye takardu saboda rashin mai gyara.

Yanzu ina gayyatar Mai girma Kwamishina zuwa ɗakin gwaji na biyu, inda ɗalibai suka goge falle biyu, ɗaya shekaranjiya, ɗaya da safiyar nan, domin ya kwatanta da idonsa. Allah ya saka da alheri, ya mayar da ku gida lafiya.