Gem ɗin dabara da na labari da suka riƙe ni tsawon shekaru

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Masu PES da FIFA ku ɗan ajiye kontirola yau, ba maganar ƙwallo za mu yi ba. Kala biyu na gem za mu taɓa, waɗanda ba kasafai za ka ga ana buga su a gidajen gem na Samaru ko Sabon Gari ba, don ba a gama su a minti goma a ba na bayanka wuri.

Na farko su ne RPG, inda za a ba ka mutum ɗaya ka shiga rigarsa, ka fara da tsumma da 'yar wuƙa, kana yawo kana karɓar aike kana ƙara lebul har ka zama wani abu. Na biyu kuma gem ɗin dabara, nan ƙasa guda ake danƙa maka, noma da haraji da yaƙi duk a wuyanka. Su ma sun rabu biyu, akwai wanda komai ke tafiya lokaci ɗaya ba jira, akwai na bi-da-bi kamar dara, ka yi naka ka jira abokin karawa ya yi nasa. Ni abin da nake auna gem da shi ɗaya ne, idan na yanke shawara, shin za ta dawo ta same ni daga baya ko kuwa a banza ta tafi. Kyan hoto na bayan wannan, nesa ma.

Age of Empires II na 1999 shi ya fara hana ni barci, kuma har gobe ana buga shi. Amma wanda nake so ku sani shi ne na ukunsa, don a 2021 sun fitar da ƙari mai suna The African Royals, suka sako Hausawa da Habashawa. Eh, Hausawa! Babban birninka Kano ne, akwai 'yan lifidi a kan dawaki, akwai maharban Fulani, akwai Maigadi, kana kiwon shanu kana sayarwa a kasuwar dabbobi, in kuma kwamfuta ce ke riƙe da Hausawa to Sarauniya Amina ce ke yi maka magana. Ranar da na fara ganin 'yan lifidin nan sun jeru sai da na tsayar da gem ɗin na matso da hoton ina ƙare musu kallo. Matsalarsa dai saurin hannu yake so, in kana da sanyin yatsa kafin ka gama gina bariki an ƙone maka gari.

Shi ya sa da girma ya fara zuwa na koma Civilization. Sid Meier ya fara shi tun 1991, kana farawa da ƙauye ɗaya har ka kai zamanin roka, kuma bi-da-bi ne, wanda a garin nan ba ƙaramar ni'ima ba ce, don in an ɗauke wuta ba wanda ke kashe ka, ka yi sebin ka rufe laftop, in an kawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Na biyar yana da Askia na Songhai, na shida ya samu Mansa Musa a ƙarin 2019, sai na bakwai da ya fito a Fabrairun 2025 ya kawo Amina ta Zazzau a cikin shugabanni. Mu Zage-zagi dole mu ji daɗi, matar da ake danganta ganuwa da sunanta ga ta ana zaɓenta a Amurka da Japan. Sun ba ta ƙarfin kasuwanci, sojojinta kuma sun fi ƙarfi a sahara da fili. To amma gaskiya ɗaya ce, tsarin na bakwai bai kwanta min ba. Yadda ya fito a 2025, an raba wasan zamani uku, duk zamani sai ka canza al'umma, shugaba daban al'umma daban, sai ka ga Amina tana mulkin Rumawa, haba jama'a. Ni har yanzu na shida nake komawa.

Wanda ya fi duka a wajena kuwa Crusader Kings III ne, na kamfanin Paradox da ke Suwidin, 2020. Shi ya haɗa kala biyun nan wuri guda, don ba ƙasa kake bugawa ba, gidan sarauta kake bugawa. Sarkinka ya mutu ka koma magajinsa, da halinsa da rashin lafiyarsa da maƙiyansa. Za ka iya farawa a shekarar 867 da Daurama ta Daura, tana cikin mutanen da gem ɗin da kansa ke nuna maka ka gwada. Ga yadda abin yake, ka sha wahala ka haɗa garuruwa, ka haifi 'ya'ya maza uku kana murna, to a farkon wasa dokar gado raba ƙasa take yi, ranar da sarki ya cika sai ƙasar ta tsage gida uku, ƙaninka da ka aurar da hannunka shi zai fara haɗa kai da waziri a kanka. Kuma ba wanda ya cuce ka, shawarar da ka yanke shekara talatin baya a cikin wasan ce ta biyo ka. Wannan shi nake nema a gem. Ɗan'uwansa Europa Universalis IV yana farawa a 1444, a taswirarsa akwai Zazzau da Kano da Katsina kowacce da kanta, sai dai koyonsa sai mai haƙuri.

A ɓangaren RPG nan ne za a zage ni. Skyrim na 2011 na yi yawo a cikinsa iya yawo, amma ba ya cikin na gaba-gaba a wajena. Ka zama shugaban makarantar matsafa, ka zama shugaban ɓarayi, ka kashe dodanni, duk da haka duniyar kusan yadda ka same ta haka take, mai gadin ƙofa na nan yana maimaita maka zance ɗaya. The Witcher 3 na 'yan Folan, 2015, ya fi shi nauyi. Akwai wurin da za ka tarar da wani ruhi a ɗaure ƙarƙashin bishiya yana roƙon ka sake shi zai ceci wasu marayu, ka sake shi yaran su tsira amma ƙauye guda ya halaka, ka kashe shi yaran su halaka, kuma ba a nan take za ka gani ba sai can gaba. Baldur's Gate 3 na 2023 ya ma wuce nan, faɗansa bi-da-bi ne, komai sai an jefa ɗan lido mai fuska ashirin, har ƙaryar da za ka yi wa mai gadi. Sai dai nauyinsa ya haura gig ɗari, kafin ka sauke shi data ta gama da kai. Kuma waɗannan biyun na manya ne, akwai wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kar a kunna a falo gaban yara.

In laftop ɗinka tsohuwa ce irin ta 'yan makaranta, nemi Mount & Blade: Warband na Turkawa, 2010. Hotonsa ya tsufa sosai, fuskokin mutanen ma abin dariya ne, amma kana kan doki da mashi kana jan rundunarka da ka ɗauko daga ƙauyawa ka horar, kana biyansu albashi duk sati, in kuɗi ya yanke su fara guduwa su bar ka. Da shi zan ce ka fara, in ka ga ya shige ka sai ka tara kuɗin na'ura mai ƙarfi ka zo mu yi rigimar gadon Daura.