Me ya sa ƙusa ba ta kama kayan ɗakin zamani?

Assalamu alaikum jama'a. Ga labarin wata ƙofar kabad. Ta saki, an kai wa kafinta a Garwa ta ƙasar Kamaru, ya buga ƙusa ya sa gam, ba a yi nisa ba ta sake zubowa. Kafintan ya san aikinsa. Abin da aka kai masa ne ba katako ba.

Katakon da iyayenmu suka saba da shi, maɗaci ko iroko da sapelli da ake kawowa daga dazukan kudu ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, yana da jijiya. In ƙusa ta shiga, jijiyar ce ke matse ta. Ya tsage, a zuba gam a ɗaure; ya ƙwarzane, a goge da samfefa a sake shafa masa fenti.

To ga cikin na zamani, irin wanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ake cika ɗakin amarya da shi. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse da inji, aka lulluɓe da wata takarda mai sheƙi da zanen katako a jiki. Ana kiransa MDF, mai manyan ɓarɓashi kuma aggloméré. Buga masa ƙusa a gefe, sai ya dare. Ramin sukuru in ya zarme, ya zama gari, ba abin da zai kama. Farin gam ba ya manne a kan takardar nan. Samfefa kuwa takardar take ci, ado ya tafi ke nan.

Babban maƙiyinsa ruwa. Damina ta shigo, ko ana goge daɓe kullum, ƙafar gado ta sha ruwa ta kumbura, kuma ko zafin watan Afrilu na Marwa ba ya mayar da ita yadda take.

Maigida kafinta, ga abin da ke yi: faɗaɗa ramin da ya zarme, ka cusa guntun katako na gaske da gam, ya kwana, sannan ka ɗaura sukuru a cikinsa. Inda nauyi yake, huda har ɗaya ɓangaren ka sa noti da washa. Uwargida kuma, a ɗora ƙafafun a kan roba, in za a tashi gida a kwance shi gunduwa-gunduwa, kada a ja shi a ƙasa.