Darasi: Kwashe tsofaffin gwaje-gwaje daga unittest zuwa pytest ba tare da ko ɗaya ya ɓace a hanya ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ƙaura za mu yi. Ga wata tsohuwar manhaja a gabana, ta lissafin ragi da haraji ce, duk gwaje-gwajenta da unittest aka rubuta su, kuma so muke mu mayar da su pytest, dukansu biyu kayan gwada manhajar Python ne. Na ɗauka kowa ya riga ya saka pytest a kwamfutarsa, kowa kuma ya iya git, don haka ba zan tsaya nan ba. Na riga na buɗe sabon reshe, mu tafi.

Masu amfani da nose, wani tsohon kayan gwajin Python, ina ganin saƙonninku kuna tambayar ko darasin nan ya shafe ku. Nose dai tun siga ta 1.3.7 da ta fito a 2015 aka daina kula da shi, kuma da zarar ka hau Python 3.10 sai ya fara yi maka gardama tun kafin ya gwada komai. Kusan duk abin da zan nuna yau ya shafe ku. Abu ɗaya kawai ku riƙe: irin setup da teardown ɗin nan na nose, wato masu shiri kafin gwaji da shara bayansa, masu ƙananan baƙaƙe, pytest 8 da ya fito a farkon 2024 ya daina gane su. Sai ku mayar da su setup_method da teardown_method.

To, kafin na taɓa ko layi ɗaya, ga abin da nake fara yi. Ku duba allo. Na rubuta python -m unittest discover. Ya gama. Ya ce ya gudanar da gwaji 214, duk lafiya. Wannan lambar, 214, ku rubuta ta. Ni a takarda nake rubutawa, da biro, in manna a gefen allo. Ku yi dariya in kuna so, nan gaba kaɗan za ku ga amfaninta.

Yanzu sai in rubuta pytest kawai, ban canza komai ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan, pytest yana iya gudanar da gwaje-gwajen unittest yadda suke. Ba sai ka zauna ka sake rubuta komai a dare ɗaya ba. Yauwa, ga shi, duk kore. Amma ku dubi lambar. 209. Ina biyar suka shiga?

Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya yi ƙorafi, kawai babu su ne. Dalili shi ne, unittest yana ɗaukar duk fayil ɗin da sunansa ya fara da test ya ƙare da ɗigo py. Shi kuwa pytest sai ya ga test da ɗan layin nan na ƙasa a gabansa, wato test_wani_abu, ko kuma sunan ya ƙare da _test. Ga mai laifin nan, testkwanaki.py, babu layin ƙasa. Sai in canza masa suna... a'a, tsaya, kar in yi da linzami, bari in yi da git mv. Test, layin ƙasa, kwanaki. To. Akwai hanyar da za ka gaya wa pytest ya karɓi tsohon salon sunan ta python_files a cikin saitinsa, amma ni na fi son in gyara sunan in huta. Mu sake ƙirgawa. Ba sai an gudanar da su ba ma, pytest --collect-only -q ya isa, zai jero maka su ya ba ka jimilla. 214. Madalla. Komit.

Sai gyaran assert. Wannan shi ne aikin da ya fi yawa amma ya fi sauƙi, ba zan daɗe a kai ba. Inda aka ce self.assertEqual na a da b, sai ka ce assert a == b. assertIn ya koma assert a in b, assertIsNone ya koma is None. Kun gane tsarin. Su waɗannan dogayen sunaye masu babban baƙi a tsakiya gado ne daga JUnit na Java, don a kansa aka ɗora unittest lokacin da ya shigo Python 2.1 a 2001. Pytest ba ya buƙatarsu, saboda yana sake rubuta assert ɗinka a bayan fage, in gwaji ya faɗi ya nuna maka abin da ke hagu da abin da ke dama. In kun ci karo da assertEquals mai s a ƙarshe, an cire shi gaba ɗaya a Python 3.12, dama dole ya tafi.

Akwai wani kayan aiki, unittest2pytest, da ke yin wannan canjin da kansa. In fayilolinka ɗari ne, yi amfani da shi, ba laifi. Ni dai ko na yi amfani da shi sai na bi layi-layi na karanta, kuma ga dalili nan a layi na 41. Ku duba: self.assertTrue(jimilla, 50). Wanda ya rubuta wannan nufinsa jimilla ta zama 50. Amma a assertTrue, abu na biyu saƙo ne kawai, wanda za a nuna in gwajin ya faɗi. Ke nan shekara da shekaru abin da gwajin nan ke tambaya shi ne, jimilla ba sifili ba ce ko? Ko nawa ta zama zai wuce. Bari in rubuta abin da aka yi nufi, assert jimilla == 50, mu gani. Kai! Ja. 45 take bayarwa. Kun gani ko? Matsala ce ta gaske da ke kwance a manhajar, ba mu muka kawo ta ba. Ba zan gyara ta yanzu ba, ba a haɗa ƙaura da gyaran manhaja a komit ɗaya, in abu ya lalace ba za ka san wanne ya jawo ba. Zan sa mata pytest.mark.xfail, wato alamar cewa mun san gwajin zai faɗi, da bayanin dalili, mu dawo mata daga baya.

Ga ƙaninsa kuma: kar ku rubuta assert sannan ku buɗe baka ku zuba sharaɗi da saƙo a ciki tare. Python zai ɗauke shi a matsayin tuple, wato jerin abubuwa, kuma tuple mai abu a ciki kullum gaskiya ne. Zai yi muku gargaɗi, amma wa ke karanta gargaɗi?

Na gaba assertAlmostEqual. Wannan sai ya koma pytest.approx, shi ke nan, mu wuce... a'a, ku yi haƙuri, na yi gaggawa, ba daidai suke ba. Bari in koma. assertAlmostEqual yana ɗaukar bambancin lambobin biyu ne, ya taƙaita shi zuwa gurbi 7 bayan ɗigo, ya duba ko sifili ne. Shi kuwa approx, in ba ka gaya masa komai ba, kashi ɗaya cikin miliyan na lambar da ake tsammani yake yafewa. A ƙaramar lamba ba za ka lura ba. Amma a ce amsar miliyan ɗaya ce, to ɗaya cikin miliyan na miliyan ɗaya ai 1 ne cur. Wato lissafinka ya kauce da 1 gaba ɗaya, gwaji ya ce lafiya lau. A manhajar lissafin kuɗi wannan ba wasa ba ne. Don haka sai in ce approx, abs daidai da 1e-7. In ka ba shi abs kaɗai, da shi kaɗai zai yi aiki, ya bar wancan.

assertRaises kuma ya zama with pytest.raises. In kana so ka duba saƙon kuskuren sai ka sa match, amma ka tuna match ɗin regex ne, wato salon neman rubutu da wasu alamomi ke da ma'ana ta musamman a cikinsa, in akwai baka ko alamar tambaya a saƙon sai ka bi da shi ta re.escape.

Bari in ɗan sha ruwa.   

To, yanzu mun zo wurin da nake so kowa ya natsu. In kana wani abu, ajiye. Na gama canza duk assert na wannan kilas ɗin, babu sauran self.assert ko ɗaya, don haka ba na buƙatar ya ci gaba da gadon unittest.TestCase. Na goge shi. Na adana. Na rubuta pytest. Babu ja ko ɗaya. Da daɗi ko? Ku dubi takardata: 214. Ku tara abin da ke allo: 196. Gwaji 18 sun yi layar zana.

Ga abin da ya faru. Sunan kilas ɗin RagiTest. Kalmar Test a ƙarshe take. Duk lokacin da yake gadon TestCase, pytest ba ruwansa da sunansa, gadon yake gani ya ɗauke shi. Da ka cire gadon, sai ya koma duba suna, kuma kilas ɗin da sunansa ya fara da Test kaɗai yake ɗauka. Ya fara, ba ya ƙare ba. RagiTest bai fara da Test ba, sai pytest ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Ba zai ce maka uffan ba. Pytest yana ƙorafi ne in bai samu gwaji ko ɗaya ba, a nan ne yake fita da lamba 5. Amma in ya samu 196 daga cikin 214, a wurinsa aiki ya yi kyau.

Wannan abin ya taɓa cin ƙaniyata. A wani wuri da na yi aiki, ni aka ba irin wannan ƙaurar, na yi ta cikin kwana biyu ina ta jin kaina, har ana yaba mini cewa gwaje-gwaje sun ƙara sauri. Ashe saurin na rashin gudu ne, kilas uku ba a taɓa su ko kaɗan. Sai bayan makonni wata abokiyar aikina ta lalata wani lissafi da gangan don ta gwada wani abu, ta ga komai kore, ta juyo ta ce mini, Malam, anya gwajin nan naka yana raye? Ranar ban iya haɗa ido da kowa ba. Daga nan na fara manna takarda.

Bari in gyara, RagiTest ya zama TestRagi. Kuma ku tabbata kilas ɗin ba shi da __init__, don mai __init__ ma ba a ɗaukarsa, sai dai shi wannan ana yi maka gargaɗi. Mu sake. Yauwa, 214 sun dawo, amma 18 ɗin duk ja. Kar ku tsorata, wannan jan alheri ne. Yana cewa babu self.kwando. Dalili, setUp mai babban U na TestCase ne, tunda mun fita daga gidan babu mai kiransa kuma. Wannan da sauƙi, ya yi ihu mun ji. Wanda nake tsoro shi ne setUp ɗin da ba ya ɗora komai a kan self, aikinsa kawai ya share rumbun bayanai kafin kowane gwaji, da kuma tearDown. Su in an daina kiransu shiru za ka ji. Gwaji na farko ya bar shara, na biyu ya taka, yau ya wuce, gobe ya faɗi, ka rasa gane kansa. Don haka duk kilas ɗin da kuka cire wa TestCase, ku nemi setUp, tearDown, setUpClass da tearDownClass da idonku.

Hanya biyu ce. Ta gaggawa, ka canza sunan zuwa setup_method. Ni fixture na fi so, wato ɗan aikin da ke shirya wa gwaji abin da yake buƙata. Ku duba: a sama in rubuta @pytest.fixture, sannan def kwando, in haɗa kwandon, in ce yield kwando, duk abin da ya biyo bayan yield shi ne sharar da tearDown ke yi a da. Gwajin da ke son kwando sai ya ambaci sunansa a cikin bakansa, pytest ya miƙa masa. Abin da ya burge ni a nan, kana kallon gwaji ka san abin da yake buƙata, ba kamar setUp da ke dafa wa kowa komai ko da bai nema ba. In fayil fiye da ɗaya ke buƙatarsa, sai ka kai shi conftest.py, ba sai ka yi import ba. Wannan tempfile ɗin ma da ake ta wahalar gogewa, cire shi, tmp_path yana nan kyauta. Amma fa ba za ka iya miƙa fixture ta baka ga gwajin da har yanzu ke cikin TestCase ba, sai mai autouse ko wanda aka sa da pytest.mark.usefixtures ke shiga can. Shi ya sa nake bi kilas-kilas, in gama ɗaya, in ƙirga, in yi komit, sannan in kama na gaba.

Parametrize na bari sai ƙarshe da gangan, don shi yana canza lamba. Ga gwaji ɗaya da for a ciki yana zagaya misali 12. In na mayar da shi pytest.mark.parametrize, kowane misali gwaji ne mai zaman kansa, ɗaya ya zama 12, jimilla ta tashi daga 214 zuwa 225. Da tun farko na cuɗa shi da sauran aikin, ƙarin 11 ɗin nan zai rufe mini wani ɓangare na 18 da suka ɓace, lissafin takardata ya rikice. Shi ma ba ya aiki a cikin TestCase, ku sani.

Saura abin da abokiyar aikin nan tawa ta koya mini. Bari in buɗe ainihin fayil ɗin lissafin, inda ake cire ragi, in mayar da alamar ragewa ta zama ta tarawa. Na adana. pytest -x, ya tsaya a faɗuwar farko. Ga shi, ja, a TestRagi, har ya nuna mini lambar da ya samu da wadda yake tsammani. Bari in mayar da alamar kafin in manta, git restore, yauwa. Sai pytest --lf, ya sake gudanar da wanda ya faɗi kaɗai. Kore.

Sauran kilas huɗun haka za ku bi da su, ba zan maimaita a nan ba. A darasi na gaba za mu koma kan 45 ɗin nan da ya kamata ya zama 50, sannan mu canza umarnin da ke cikin sabar da ke gudanar da gwaji a kan kowane komit, don har yanzu unittest discover take kira, kuma shi bai san da zaman TestRagi ba yanzu. Sai mun haɗu, wassalam.